Akwatin Wuta Ba Da Canji Ake Sayensa Ba

Ƙannena masu harhaɗa kwamfutar gem, na lura da yadda kuke tsara sayayya. Katin hoto ne a kan gaba, a kansa ake kwana ana lissafi. Daga shi sai furosesa, sai ram, sai ma'ajiya, sai gida mai gefen gilashi da fankoki masu sauya launi. In an gama aka shafa aljihu, abin da ya yi saura shi ake miƙa wa mai shago, a ce ya kawo fawa-fak, wato akwatin wuta, ko wanne iri ne, in dai zai tayar da kwamfutar. Wannan tsari a kife yake. Ranar da kuka yanke shawarar katin da za ku saya, a ranar ya kamata ku ware kuɗin akwatin wutar da zai ciyar da shi, tun kafin ku waiwayi fitilu.

Dalilin da ya sa ake raina shi a fili yake. Akwatin wuta mai tsada ba ya ƙara wa gem gudu ko kyan hoto, ba kuma abin nuna wa aboki ba ne. Aikinsa kawai ya karɓi wutar bango, wadda a takarda bolt 230 ce kuma mai kai-da-komo, ya mayar da ita wuta mai tafiya hanya ɗaya, bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, irin wadda kayan ciki ke iya sha. Sai dai babu wani abu a cikin gidan nan da ba ta hannunsa yake sha ba. Ram in ya mutu, shi kaɗai za ku canza. Akwatin wuta mara kariya in ya tashi mutuwa, yana iya tafiya da babban allo da katin da kuka shekara kuna yi wa tari.

Lissafin ƙarfi daga katin hoto yake farawa, domin shi ne sarkin ci. RTX 4090 da Nvidia ta fitar a watan Oktoban 2022 yana jan wat 450, kamfanin kuma ya ce a ba shi akwati mai wat 850. RTX 5090 na watan Janairun 2025 ya kai wat 575, an ce masa 1000. Ƙaninsa RTX 5080 wat 360 ne, akwati mai 850. A ɓangaren AMD, RX 7900 XTX yana cin wat 355, RX 9070 XT kuma 304. Sai ku ɗora furosesa. Nan ma akwai tazara mai yawa: Core i9-14900K na Intel yana iya kaiwa wat 253 in aka matsa masa, alhali Ryzen 7 9800X3D, wanda 'yan gem ke rububinsa, wat 120 aka rubuta masa, kuma a cikin wasa ko kusa da hakan ba ya yawan kaiwa. Sauran kaya duka, babban allo da ram da ma'ajiya da fankoki, ku ba su wat 60 zuwa 80.

To ku haɗa. RTX 5080 da 9800X3D da sauran tarkace za su tsaya wajen wat 550, saboda haka akwati mai 850 ya wadatar har da sarari. RTX 5090 da i9-14900K da sauran tarkace kuwa za su kai wajen 900 in duka biyun suka buɗe wuta a lokaci ɗaya. Ni a nan ba zan tsaya a 1000 ba, duk da cewa shi ne adadin da kamfani ya rubuta. 1200 zan ɗauka.

Me ya sa ake barin sarari? Ba don tsoro kawai ba. Adadin da aka rubuta wa kati matsakaicin cinsa ne in yana aiki tuƙuru. A zahiri cinsa ba a miƙe yake ba, yana hawa yana sauka sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, wani lokaci kuma ya yi tsalle ya wuce adadin nan nesa ba kusa ba, na ɗan ƙiftawar da ido ma ba ya kamawa. Lokacin da katunan RTX 3080 da 3090 suka fito a 2020, mutane da yawa sun ga kwamfutarsu tana ɗaukewa ɗif a tsakiyar wasa, alhali a lissafi akwatinsu ya isa. Abin da ke faruwa shi ne akwatin yana ganin tsallen nan, ya ɗauka wata waya ce ta haɗe, sai ya yanke wuta don kariya. Wannan ne ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta sa sharaɗi: akwatin da ya wuce wat 450 kuma yake ɗauke da sabon filogin katin hoto, wanda zan yi bayaninsa a gaba, dole ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, ba tare da ya ɗauke ba. A 2023 aka gyara ƙa'idar ta koma ATX 3.1. Wanda zai sayi sabon kati yau, ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubuce biyu a jikin kwali, 3.1 in da hali.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su sayi mai wat 1600 don katin da ba ya cin 350. Ba zai yi ɓarna ba, kuma ba zai ƙara muku kuɗin wuta ba, tunda akwati abin da kaya suka nema kawai yake ja daga bango. Kuɗi ne dai aka binne a inda ba za su yi amfani ba.

Yanzu ku koyi karanta takardar da ke manne a gefen akwatin, domin babbar lambar da ke kan kwali ita ce wurin da aka fi yin ƙarya. A takardar akwai jadawali, kowane layin wuta da adadin amfiyarsa. Ku nemi layin bolt 12, domin daga shi katin hoto da furosesa suke sha. Ku ninka amfiyar sau 12. Akwati na gari mai wat 850 zai nuna kusan amfiya 70, wato kusan dukkan ƙarfinsa yana kan wannan layi. In kun ga an rubuta wat 650 ɓaro-ɓaro a kwali, amma layin bolt 12 amfiya 30 ne, to wat 360 ke nan, sauran an cike su da layukan da kwamfutar zamani ba ta damu da su ba. In babu jadawalin ma sam, ku ajiye masa kayansa. A nan ne kuma, ko a jikin kwali, za ku ga jerin kariyar da ke ciki da gajerun haruffa: OVP da UVP don hawa da faɗuwar bolt, OCP da OPP don jan da ya wuce kima, SCP don haɗewar waya, OTP don zafi. Akwatin da za a ɗora wa kati mai tsada bai kamata ya rasa ko ɗaya ba.

Sai maganar tambarin 80 PLUS, wanda masu shago ke nuna muku da yatsa kamar shi ne ƙarshen zance. A 2004 aka ƙirƙiro shi, kuma ga babban abin da yake aunawa: kashi nawa na wutar da aka ja daga bango ke isa ga kaya, nawa ke tashi a zafi. A gwajin da ake yi da wuta mai bolt 115, in akwati yana ɗauke da rabin nauyinsa, Bronze sai ya kai kashi 85 cikin ɗari, Gold 90, Platinum 92, Titanium 94. A wutarmu mai bolt 230 sukan ɗan fi haka. Ga yadda abin yake a aljihu. Kwamfutar da ke cin wat 600 za ta ja wajen 706 daga bango in Bronze ne, 667 in Gold ne. Bambancin kusan wat 40 ke nan. In kuna wasa awa huɗu kullum, a shekara ya kai yunit 58. Da farashin naira 225 kowane yunit da aka ɗora wa 'yan rukunin wutar lantarki na Band A a watan Afrilun 2024, wajen naira dubu goma sha uku ne. Ba kuɗin da zai tayar da hankali ba ne, amma ga wanda ke kan batirin sola, ko wanda ɗakinsa ya riga ya zama tanda, wat arba'in ɗin nan na ƙarin zafi yana da muhimmanci. Ra'ayina, Gold ya isa. Daga nan zuwa sama, abin da kuke ƙarawa a farashi ya fi abin da kuke ragewa a wuta.

Abin da tambarin ba ya faɗa muku shi ne ko akwatin zai kare kayanku ranar tsautsayi. A 2021 akwatunan Gigabyte guda biyu, GP-P750GM da GP-P850GM, dukansu masu tambarin Gold, sun yi ƙaurin suna bayan masu tashar Gamers Nexus sun nuna su suna tartsatsi suna mutuwa a lokacin da ake gwada kariyarsu, har kamfanin ya sanar da cewa zai canza wa waɗanda abin ya shafa. Babban kamfani ne, sanannen suna, tambari mai kyau. Don haka sunan kamfani ma bai isa hujja ba. Galibin sunayen da kuka sani ba su ke ƙera akwatin da hannunsu ba. Masana'antu irin su CWT da Seasonic da Super Flower da FSP da Great Wall ke yi musu, kuma kamfani ɗaya yana iya samun samfurin da ya yi fice da wanda bai taka kara ya karya ba. Ku riƙe cikakkiyar lambar samfurin, ku nemi rahoton waɗanda suka ɗora shi a kan na'urar gwaji suka auna. Cybenetics, alal misali, tana wallafa sakamakon gwajinta, har da yawan ƙarar fanka.

Tsawon garanti ma alama ce. Corsair tana ba jerin RMx shekara 10, Seasonic tana ba jerin Prime shekara 12. Na san abin da za ku ce, kuma gaskiyarku: wanda ya sayi kaya a Titin Beirut a Kano, ko a Banex a Abuja, ko a Computer Village a Ikeja, wa zai mayar wa kamfani a ƙetare bayan shekara shida? Kuɗin aikawa kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura. Amma kamfanin da ya yarda ya ɗaure kansa na shekara goma ya san abin da ya zuba a ciki. Ku ɗauki garantin a matsayin shaida, sannan ku tambayi mai shago nasa alkawarin, wata nawa ne, kuma ya rubuta a rasit.

Filogin katin hoto yana buƙatar ku natsu sosai. Tsohon filogi mai baki takwas wat 150 aka ƙayyade masa, shi ya sa manyan katuna ke da biyu ko uku. Idan naku irin wannan ne, kowane soket ku ba shi wayarsa daban tun daga akwati, kada ku ɗauki waya ɗaya mai kai biyu ku ciyar da kati mai cin wat 300 da ɗoriya. Sabon filogin kuwa, 12VHPWR, wanda ke kan RTX 4090, ƙarami ne amma an ɗora masa har wat 600. Ku yi lissafin da kanku: wat 600 a bolt 12 amfiya 50 ne, a raba wa wayoyi shida, kowace ta ɗauki sama da amfiya 8. A tsohon filogi kowace waya ba ta wuce amfiya huɗu da 'yan kai ba. Wato sararin kuskure ya ragu ƙwarai. In filogin bai shiga har ƙarshe ba, ko ya karkace, sai wasu bakunan su saki, nauyin ya taru a kan sauran, su yi zafi, roba ta narke. Makonni kaɗan bayan fitowar RTX 4090 aka fara ganin hotunan filogin da suka ƙone, a watan Nuwamban 2022 kuma Nvidia ta ce ta san da kusan guda 50, ta danganta su da rashin tura filogi yadda ya kamata. Gyaran da aka yi ya haifar da 12V-2x6, inda aka rage tsawon ƙananan bakunan da ke sanar da kati cewa an jona shi, ta yadda in filogi bai zauna ba katin ba zai ja cikakken ƙarfi ba. Ya rage matsalar, bai kawar da ita ba, domin an sake samun rahotannin narkewa a kan RTX 5090 a 2025.

Saboda haka ku tura shi har ku ji ya yi ƙas, ku haska tocila ku tabbatar babu tazara ko ta gashi tsakaninsa da soket. Kada ku lanƙwasa wayar dab da kan filogi, ku bar mata kamar santimita uku da rabi a miƙe, kuma ku auna faɗin gidan kwamfutar tun kafin saye don kada gilashin gefe ya danne ta. Wayar da ta zo tare da akwatin ta fi adaftar nan mai rassa uku ko huɗu. Ba kuma filogin cirewa da mayarwa kullum ba ne.

Wata ɓarnar da ke cin kayan mutane a ɓoye ita ce musayar wayoyi. Akwatunan zamani wayoyinsu na cirewa ne, kuma ɓangaren da ke shiga jikin akwatin ba shi da ƙa'ida ɗaya tsakanin kamfanoni, wani lokaci ma tsakanin samfuri biyu na kamfani ɗaya. Wayar za ta shiga daidai, amma bakin da ke ɗauke da bolt 12 a nan yana iya zama na bolt 5 a can. In kun canza akwati, ku cire tsofaffin wayoyi duka, komai wahalar sake jera su, kuma kada ku ari waya a wurin aboki.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, ɗan gem na Jamus ko na Koriya ma shi za a gaya masa. Amma shi wutar bangonsa a tsaye take, ɗakinsa kuma ba ya kai maki arba'in. Ku naku lissafin yana da ƙari.

Na farko, ku duba inda aka rubuta wutar da akwatin ke karɓa. Wasu 200 zuwa 240 ne kawai, wasu 100 zuwa 240. Ku ɗauki na biyun. Da yamma in unguwa ta ɗora nauyi a kan taransifoma, wuta ta yi sanyi har fanka tana juyawa da ƙyar, mai karɓar 100 zuwa 240 zai ci gaba da aiki, ko da yake zai ƙara ɗumi. Wannan bai kare ku daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ba, wannan aikin sitabilaiza ne mai jinkirin kunnawa, ko UPS mai daidaita wuta. Shi kuma UPS, abu biyu za ku kula. Lambar da ake tallata shi da ita VA ce, ba wat ba, kuma mai VA 1500 sau da yawa wat 900 zuwa 1000 kawai yake bayarwa, ga allon kallo ma yana kansa. Sannan akwatunan wuta na zamani sun fi jituwa da wuta mai santsi irin ta bango. UPS da inbata masu araha wuta mai siffar matakala suke fitarwa, wasu akwatunan kuma da zarar an koma kanta sai su yi ta zuwwa ko su ɗauke, a daidai lokacin da aka saye su don hana ɗaukewar. Ku nemi wanda aka rubuta wa Pure Sine Wave. Ƙaramin janaretan nan da ƙarfinsa bai kai kilowat ɗaya ba kuwa, ku bar shi ga fitila da cajin waya.

Akwai gidaje da yawa da soket ɗinsu baki uku ne amma bakin na uku ba a jona shi da ƙasa ba. In kuna taɓa ƙarfen gidan kwamfuta kuna jin ɗan ja, alamar ke nan. Ba laifin akwatin ba ne, kuma sabo ba zai gyara ba. Mai gyaran wuta za ku kira ya binne ƙarfe ya jawo waya. Kuma kada kwamfutar da ke jan wat 700 ta rataya a kan siririn soket mai baki da yawa na bakin titi.

Na biyu zafi. Akwati na gari ana rubuta masa cewa zai ba da cikakken ƙarfinsa a maki 40 ko 50 na ma'aunin zafi. Masu araha a ɗaki mai sanyi aka auna su, in ma an auna. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, watan Afrilu yana haura maki 40 a waje, balle cikin gidan kwamfutar da kati ke hura wa wat ɗari huɗu na zafi. Abin da ke fara gajiya a cikin akwati kafasita ne, kuma abin da masu sana'ar suka sani shi ne duk ƙarin maki goma yana rage kusan rabin rayuwarsa. Shi ya sa ake yabon kafasitocin Japan masu jure maki 105, irin na Nippon Chemi-Con da Rubycon da Nichicon. Wannan ma wani dalili ne na barin sarari, domin akwatin da ke aiki a kan kashi sittin na ƙarfinsa ya fi samun sauƙi a kan wanda ke maƙure. Wasu akwatunan suna da maɓalli a baya da ke sa fanka ta tsaya cak in nauyi bai yi yawa ba, don masu son shiru. A bazararmu ni kashe wannan tsari nake ba da shawara, fanka ta yi ta juyawa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ragar da ke ƙarƙashin gida cikin 'yan makonni. Ku riƙa zare ta kuna kakkaɓewa, kuma kada ku ajiye kwamfutar a kan kafet.

Kayan hannu fa? Kati na hannu ana iya gwada shi a gabanku a ga aikinsa. Akwatin wuta na hannu zai tashi, fanka ta juya, amma ba ku da hanyar sanin shekarun da kafasitocinsa suka yi a cikin zafi. Da yawa sun yi aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana har zuwa watan Satumban 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto, aka kwashe su aka zuba kasuwa. Sau da yawa ma wayoyinsu ba cikakku ba ne, mai shago ya cike da na wani. Ɗaga akwati a ji nauyinsa yana taimakawa wajen gane na bogi, amma kada ku dogara da shi, domin an taɓa buɗe wasu aka tarar an saka musu abin ƙara nauyi. Araha ba ta ado. In kuɗi sun gaza, gara ku sauko mataki ɗaya a katin hoto, RTX 5070 Ti maimakon 5080, ku sayi sabon akwati a kwalinsa. Katin nan bayan shekara huɗu za ku so canza shi, akwati na gari kuwa zai ga katuna biyu ko uku.

Girma ba ya buƙatar dogon bayani. Yawancin gidaje ATX suke ɗauka, ƙananan gidaje kuma SFX. Ku dai auna tsawon wurin, domin masu wat 1200 sukan fi tsayi.

In wata rana kwamfuta ta fara ɗaukewa ɗif da zarar wasa ya yi nauyi, ba tare da wani saƙo a allo ba, ko kuka ji ƙaurin roba, ku kashe ta daga bango, ku fara duba filogin katin hoto da tocila. In filogin lafiya yake, zargi ya koma kan akwatin. Kada ku kwance shi don ku leƙa. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe kusan bolt 400, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare waya daga soket. Ku mayar wa mai shago in alkawarinsa bai ƙare ba, in ya ƙare ku sayi wani, kuma kada ku sake jona katin a kan wanda ake zargi ko da don gwaji ne.